Fatoma a Zamanin Intanet: Lamuni da Kariya Daga Damfara a Cinikin Nesa

Tsakure

Wannan maƙala ta dubi damfarar da ke aukuwa tsakanin 'yan kasuwar da suka haɗu ta intanet, musamman masu saro kaya daga ƙasar Sin zuwa kasuwannin Kano, da masu fitar da amfanin gona zuwa ƙetare. Hujjarta ita ce, cinikin nesa bai taɓa tsayuwa a kan sanin halin abokin ciniki ba. Ya tsayu ne a kan samuwar wani na uku mai ɗaukar lamuni, wanda yake da abin da zai rasa idan ciniki ya ɓaci. Intanet ta haɗa mai saye da mai sayarwa kai tsaye, ta ture wannan na ukun, kuma a gurbin da ya bari ne 'yan damfara suke cin kasuwarsu. Maƙalar ta kafa hujja da tarihin fataucin Hausawa, da fiƙihun Malikiyya, da wasu damfarori da aka tabbatar a bainar jama'a, sannan ta amsa sukar da za a iya yi mata.

Gabatarwa

Shekaru ashirin da suka wuce, duk wanda zai saro atamfa ko leshi ko wayoyin hannu daga Sin sai ya nemi biza, ya hau jirgi zuwa Guangzhou, ya sauka a wajajen unguwar Xiaobei inda 'yan Afirka ke taruwa, ya taka da ƙafarsa zuwa shago ko masana'anta. Mai ƙarfi kuma yakan daidaita tafiyarsa da baje kolin Canton, wanda ake yi sau biyu a shekara tun 1957. A yau matashi mai rumfa a Kantin Kwari ko Farm Centre yana iya tayawa, a sallama masa, ya biya, bai bar kan bencinsa ba, ta Alibaba ko WeChat ko WhatsApp. Matar aure ma tana yin haka daga ɗakinta. Wannan ci gaba ne na gaske, domin ya buɗe wa masu ƙaramin jari ƙofar da a da manyan attajirai kaɗai ke shiga. Sai dai ta wannan ƙofa ɗin ce asara ke shigowa, kuma mafi yawan shawarar da ake bai wa ɗan kasuwa ba ta wuce a ce ya yi hattara, ya guji araha mai yawa, ya lura da wanda ke gaggauta shi. Shawara ce mai kyau, amma ta ɗora wa ɗan kasuwa aikin da ya fi ƙarfinsa, wato ya karanci zuciyar mutumin da bai taɓa gani ba, alhali sana'ar ɗan damfara kenan ya yi kama da mutumin kirki. Idan an ce a guji araha, sai ya sa farashi daidai da na kasuwa. Idan an ce a guji mai gaggawa, sai ya yi wata biyu yana gaisuwa kafin ya ambaci kuɗi.

Abin da wannan maƙala ke son tabbatarwa shi ne, tambayar da ta dace ɗan kasuwa ya yi wa kansa ita ce: idan wannan mutum ya ci amanata, me zai rasa, kuma wa zai biya ni? Idan amsar ta kasance ba zai rasa komai ba, ba kuma mai biya, to cinikin yana cikin hatsari komai daɗin bakin mutumin. Kakanninmu fatake sun san wannan tambaya, sun kuma gina mata amsa mai ƙwari.

Yadda fatake suka yi ciniki da baƙi

Fataucin goro tsakanin Kano da Gwanja tafiya ce ta watanni. Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari, waɗanda Paul Lovejoy ya yi nazarinsu a littafinsa na 1980, sukan isa Salaga a ƙasar Gwanja su tarar da mutanen da ba harshensu ɗaya ba, ba sarkinsu ɗaya ba, ba kuma alƙalin da zai hukunta su duka. Ke nan matsalar da ɗan kasuwar intanet ke fuskanta a yau tsohuwa ce. Abin da ya sa cinikin ya yiwu shi ne fatoma, ko maigida. Shi ke saukar da falke, ya ciyar da shi, ya ajiye masa kaya da kuɗi, ya nemo masa masu saye ta hannun dillalansa, a yanke la'ada. Polly Hill ta bayyana wannan tsari a kasuwar shanu ta Kumasi a 1966, amma bayani mafi zurfi shi ne na Abner Cohen a littafinsa na 1969 kan Hausawan Sabo a Ibadan. A can, fataken shanu daga Arewa sukan sayar wa mahautan Yarbawa shanu bashi, a biya bayan makonni, alhali mai shanun bai san mahaucin ba. Maigida ne ke tsaya masa. Idan mahauci ya ƙi biya, maigida ne zai fitar da kuɗin daga aljihunsa ya sallami baƙonsa.

Ya kamata mu tsaya a nan mu ga dalilin da ya sa tsarin ya yi aiki, don kada mu ɗauka mutanen da duk waliyyai ne. Maigida yana da gidaje a Sabo, yana da iyali da yara da suna. Ba zai iya naɗe tabarmarsa cikin dare ya ɓace ba. Idan ya cuci falke guda, labari zai bi hanyar shanu ya koma Arewa, shekara mai zuwa ba wanda zai sauka a gidansa, kuma abin da zai rasa ya ninka abin da ya ci. Mahaucin ma haka: dillalai suna zaune a kasuwa kullum, sun san wanda ke biya da wanda ke taurin bashi, kuma wanda ya ƙi biya ba zai ƙara samun saniya bashi a wurin kowa ba. Saboda haka riƙon amana ya zama shi ne riba, cin amana kuma ya zama faɗuwa. Falke bai buƙaci sanin halin mai sayen kayansa ba. Abin da ya buƙata shi ne mutum guda mai zama wuri ɗaya, wanda ya san kasuwar, wanda kuma wuyansa ke ɗaure da cinikin.

Abin da intanet ta ture

A intanet, suna ba shi da tsada. Ana buɗe shafi da hotunan masana'antar wani, a sayi layin waya, a buɗe asusu, a ci kuɗin mutum goma, a rufe, a buɗe wani da sabon suna. Duk abin da ya sa maigidan Sabo ya kasa gudu, ɗan damfarar intanet ba shi da shi. Damfarar kan zo ta fuskoki dabam-dabam. Akwai kamfanin da babu shi sam, wanda ke karɓar kafin alƙalami ya yi layar zana. Akwai kamfanin gaske da ke aiko samfur mai kyau, sannan ya cika kwantena da kaya marasa inganci ko dilolin da yadinsu bai cika ba, domin ya san an riga an biya shi kuma mai sayen ba zai iya zuwa ya kai ƙara ba. Waɗannan biyun an san su, ba sai an daɗe a kansu ba. Wadda ta fi su hatsari ita ce ta uku, domin tana faɗa wa wanda ya yi duk binciken da ya kamata, kuma abokin cinikinsa mutumin kirki ne.

Ga yadda take. Ɓarawo yakan kutsa cikin imel ɗin kamfanin da ke sayarwa, ko ya buɗe adireshin da harafi ɗaya kawai ya bambanta shi da na gaske. Sai ya zauna shiru yana karanta wasiƙun da ke kai da komowa, har ranar biyan kuɗi ta matso. A ranar sai ya aiko da takardar neman biya mai tambarin kamfanin da sa hannun da aka saba gani, tare da bayanin cewa an canza asusu saboda binciken haraji ko matsalar banki. Mai saye ya tura kuɗin, ya jira kaya, mai sayarwa kuma yana jiran kuɗi, sai bayan makonni su gane an shiga tsakaninsu. Wanda ke ganin wayo ya isa kariya ya dubi abin da ya sami Facebook da Google. Tsakanin 2013 da 2015, wani ɗan ƙasar Lituweniya mai suna Evaldas Rimasauskas ya yi rajistar kamfani a Latbiya da sunan Quanta Computer, kamfanin Taiwan da ke ƙera musu na'urori, ya riƙa aika musu takardun neman biya na bogi, suka tura masa sama da dala miliyan 100. Wata kotu a New York ta ɗaure shi shekara 5 a Disamba 2019. Waɗannan kamfanoni ne masu rundunar akantoci da masana tsaron kwamfuta. Hukumar FBI ta Amurka ta ce ƙorafe-ƙorafen da ta karɓa kan irin wannan damfara a 2023 kaɗai sun kai asarar sama da dala biliyan 2.9. Mai cewa zai nemi a yi kiran bidiyo don gani ya kori ji, shi ma ya sani cewa a farkon 2024 wani ma'aikacin kamfanin Arup a Hong Kong ya tura kimanin dala miliyan 25 bayan taron bidiyo da fuskoki da muryoyin shugabanninsa, waɗanda duk na'ura ce ta ƙirƙire su. Ido da kunne sun daina zama shaida a kan allon waya.

Abin da fiƙihu ya riga ya tanada

Abin mamaki ne yadda ake tattauna wannan batu a Kano kamar baƙon abu, alhali littafin da ake karantawa a zaurukanmu ya yi magana a kansa sama da shekara dubu da suka wuce. Ibn Abi Zaid al-Ƙairawani, wanda ya rasu a 996, ya bayyana a Risala cewa ya halatta a sayi abin da ba ya wurin ciniki bisa siffantawa, amma ba a sharɗanta biyan kuɗinsa nan take sai idan wurin yana kusa, ko kuma abu ne da ba a tsoron canzawarsa, kamar gida ko fili. Ya kuma halatta sayen abin da ke cikin dila bisa takardar da ta bayyana abin da ke ciki da siffa sananniya. A lura da hikimar: an yarda a sayi abin da ba a gani ba, amma an raba ƙulla ciniki da sakin kuɗi. Za a iya cewa yawancin odar da ake bayarwa a Sin ta fi kama da cinikin salam, inda gabatar da kuɗi yake cikin sharuɗɗa. Haka ne, kuma tantance wane babi kowace oda ta faɗa aikin malaman fiƙihu ne. Sai dai salam ɗin ma an ɗaure shi da sanin siffa da awo da ajali, ta yadda ba a barin kafar jayayya. Odar da aka bayar ta saƙon murya, aka ce a yi mini irin wancan na hoto, ba a faɗi nauyin yadi ko faɗinsa ko yawan yadin kowane turmi ko ranar lodi ba, ta saɓa wa ruhin wannan babi ko da ba ɗan damfara a ciki. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, umarni ce da rubuta bashi da kafa shaidu, wadda ke biye da ita kuma ta yi maganar jingina ga matafiyan da ba su sami marubuci ba.

Sake gina gurbin fatoma

Idan aka yarda da wannan fahimta, aikin ɗan kasuwa ya zama ya mayar da na uku cikin cinikinsa, ya kuma tabbatar da duk wani muhimmin bayani ta hanyar da abokin cinikin ba shi ya ba shi ita ba. Kowane kamfani mai rajista a Sin yana da lasisi mai lamba 18, kuma sunansa na doka da haruffan Sinanci yake. Sunan Turancin da ke kan shafi ba shi da wani nauyi a kotu. Ana iya neman hoton lasisin, a duba lambar a rumbun rajistar kamfanoni na gwamnatin Sin da ke buɗe ga kowa, a ga shekarar kafa kamfanin, da sunan wakilinsa na doka, da irin sana'ar da aka ba shi izini. Daga nan sai ƙa'ida mafi muhimmanci: sunan da ke kan lasisi, da wanda ke kan yarjejeniya, da wanda ke kan asusun da za a tura kuɗi, su zama ɗaya. Gaskiya ne wasu kamfanonin ƙwarai suna karɓar kuɗi ta reshensu na Hong Kong, amma idan haka ne sai a rubuta shi cikin yarjejeniya tun farko, a buga jan hatimin kamfanin. Duk saƙon da ya zo daga baya cewa an canza asusu, a ɗauke shi ƙarya har sai an kira tsohuwar lambar da aka sani tun kafin saƙon, ba lambar da ke jikin saƙon ba. Wannan kira guda ɗaya, wanda bai kai kuɗin kati na kirki ba, ya isa ya rushe damfarar da ta ci Facebook.

Rajista dai tana nuna kamfani yana nan ne kawai, ba ta nuna zai cika alkawari. Haka abin yake ga binciken sunan kamfani a shafin hukumar rajistar kamfanoni ta CAC a nan gida. Don haka zuciyar kariya tana wajen tsarin sakin kuɗi. Abin da aka saba a cinikin Sin shi ne a ba da kashi 30 cikin ɗari kafin alƙalami, a cika kashi 70 kafin lodi. Duk ƙarfin mai saye yana cikin wannan kashi 70 ɗin, kuma ranar da ya sake shi ba tare da wani nasa ya ga kayan ba, ya zubar da makaminsa. Kamfanoni irin su SGS da Bureau Veritas da Intertek suna tura mai duba kaya masana'anta ya buɗe kwalaye, ya ƙirga, ya auna, ya gwada da samfurin da aka amince da shi, ya aiko rahoto kafin a cika kuɗi. Ga manyan odoji akwai takardar lamunin banki, wadda ƙa'idojinta na UCP 600 suka fara aiki a 2007, inda banki ba ya biyan mai sayarwa sai ya gabatar da takardun da aka sharɗanta. A nan ma a sani, banki takardu yake dubawa, ba ya buɗe kwantena, don haka sai an sa takardar shaidar duba kaya cikin sharuɗɗan. Ga ƙananan odoji kuma akwai tsarin da dandali ke riƙe alhakin kuɗin har sai kaya sun cika sharaɗi, kamar Trade Assurance na Alibaba, wanda ba ya kare kowa sai wanda ya yi odar kuma ya biya a cikin dandalin. Shi ya sa ɗan damfara yake fara ba da rangwame idan za a koma WhatsApp a biya a waje.

Mai sayarwa ma yana da nasa hatsarin. Ɗan kasuwar Dawanau da ya sami mai sayen riɗi ko zoɓo ko citta ta intanet yakan gamu da wanda zai ce sai ya biya kuɗin rajista kafin a ba shi kwangila, ko wanda zai aiko hoton shaidar tura kuɗi ya nemi a sakar masa takardar lodin jirgi. Wanda ke riƙe da asalin wannan takarda shi ke da kayan, saboda haka hanyarta ita ce ta bi ta banki, a miƙa ta bayan an biya. A cikin gida kuwa, inda alat ɗin bogi ya zama ruwan dare, ba a ɗora kaya a mota sai an buɗe asusu an ga kuɗin sun zauna.

Sukar da za a iya yi

Suka ta farko ita ce tsada. Ribar atamfa ba ta da kauri, kuma mai odar dala dubu biyu ba zai iya ɗaukar kamfanin duba kaya ko buɗe takardar lamunin banki ba. Wannan magana tana da ƙarfi, kuma ba daidai ba ne a amsa ta da cewa asara ta fi tsada a wuce. Amsar ita ce kariya tana da hawa-hawa, kuma falke ma la'ada yake biya gwargwadon kayansa. Mai ƙaramin jari yana iya farawa da ƙaramar oda wadda idan ta salwanta ba za ta karya shi ba, kodayake ya sani akwai masu cika ƙananan odoji biyu ko uku da gangan don su ci ta huɗu mai girma, don haka nasarar jiya ba ta ɗauke buƙatar duba kayan yau. Yana iya sharɗanta a kai kayan ɗakin ajiyar kamfanin jigilar da zai kawo masa su, a buɗe a ƙirga a can kafin ya cika kuɗi. 'Yan kasuwa biyar masu saye a gari ɗaya suna iya haɗa kuɗi su ɗauki mai dubawa guda.

Suka ta biyu ta fi zurfi: ai dandalin shi ne fatoman zamani, tunda yana tantance masu sayarwa yana ba su tambarin amincewa. Tarihin Alibaba da kansa ya amsa wannan. A Fabrairu 2011 shugaban kamfanin, David Wei, da mataimakinsa Elvis Lee suka yi murabus, bayan binciken cikin gida ya gano masu sayarwa sama da 2,300 da ke ɗauke da tambarin Gold Supplier sun damfari masu saye a 2009 da 2010, kuma kimanin ma'aikatan kamfanin 100 sun taimaka ko sun kau da kai. Matsakaicin abin da aka ci wa kowane mai ƙorafi bai kai dala 1,200 ba, wato masu ƙaramin jari aka fi ci. Kamfanin ya cancanci yabo da ya fallasa kansa, amma darasin a fili yake: tambarin da mai sayarwa ke biyan kuɗi ya samu talla ce. Bambancin fatoma da mai talla shi ne fatoma yana biya idan ta ɓaci. Saboda haka a kowane dandali, abin dubawa shi ne sashen da ya ɗauki alkawarin mayar da kuɗi, da sharuɗɗansa, da wa'adin shigar da ƙorafi, domin wanda ya bari wa'adin ya wuce kaya suna kan teku ya rasa haƙƙinsa.

Suka ta uku ita ce wadda na fi ganin nauyinta, domin ta taɓo yadda kuɗi ke tafiya a zahiri. Daga Yuni 2015 Babban Bankin Najeriya ya hana masu shigo da kaya iri 41, har da yadi da tufafi, samun dala ta hanyar hukuma, kuma ba a ɗage hanin ba sai Oktoba 2023. A tsawon waɗannan shekaru, kuma har yanzu ga mutane da yawa, hanyar biya ita ce a ba ɗan canji naira a Wapa, abokinsa da ke Sin ya biya mai kaya da yuwan. Hanya ce mai sauri, amma tana yanke igiyar shaida: babu wata takarda da ke nuna kuɗin wane ne suka shiga asusun wane saboda oda kaza. Wanda ya ce wa irin wannan ɗan kasuwa ya buɗe takardar shigo da kaya ta Form M kawai ya bi banki, bai san kasuwa ba. Duk da haka ƙa'idar ba ta faɗi ba, wurin aiwatar da ita ne ya canza. Ana iya dagewa kuɗin su shiga asusun kamfani mai sunan da ke kan lasisi, a ƙi asusun wani mutum, a karɓi rasit daga kamfanin mai ɗauke da lambar oda da hatimi. Kuma a lura, ɗan canjin Wapa shi kansa misali ne na abin da maƙalar ke faɗa: ana ba shi miliyoyi ba tare da fargaba ba saboda yana da wurin zama, da shugabanni, da sunan da zai zube.

Akwai kuma mai cewa neman rubutu da shaida zargi ne, yana ɓata zumunci. Ayar rubuta bashi da aka ambata ta sauka ne ga sahabbai, mafi amanar mutane. Ban da haka, shi ma ɗan Sin ɗin tsoronmu yake ji. Sunan da damfarar 419 ta jawo wa Najeriya ya sa 'yan kasuwarmu na ƙwarai suna biyan bashin da ba su ci ba, ana ƙin ba su kaya sai sun biya duka. Na uku mai riƙe kuɗi yana kwantar wa ɓangarorin biyu hankali, kuma mai gaskiya ba ya ƙin a duba kayansa. Game da hukuma kuwa, EFCC tana nan, dokar damfara ta 2006 da ta laifukan intanet ta 2015 suna nan, kuma wanda aka cuta ya sanar da bankinsa cikin sa'o'in farko domin a nan ne kaɗai ake da begen tsayar da kuɗin. Amma hukumar Najeriya ba ta da iko a kan asusun da ke wata ƙasa, kuma shari'a a can ta fi ƙarfin mai ƙaramar oda.

Saura suka ta ƙarshe: wakilin da aka ɗauka a Guangzhou, ko da Bahaushe ne, shi ma yana iya haɗa baki da masana'anta ya ci la'ada ta fuska biyu. Yana iyawa, kuma yana faruwa. Zama ɗan gari ɗaya ba lamuni ba ne. Maigidan Sabo ya riƙe amana ne saboda dukiyarsa tana inda hannu zai kai, kuma labarinsa yana isa kunnen masu zuwa. A nan ne aikin ya wuce ƙarfin mutum ɗaya ya koma kan ƙungiyoyin 'yan kasuwa da cibiyar ciniki ta KACCIMA. Za su iya buɗe rajistar wakilai da kamfanonin jigila, inda ba a shigar da kowa sai yana da mai tsaya masa a Kano wanda ya sa hannu zai biya har zuwa wani adadi. Abin da zai fi wuya shi ne tattara labarin waɗanda aka cuta, domin ɗan kasuwar da aka damfara yakan haɗiye abin, yana tsoron a ce jarinsa ya karye masu ba shi kaya bashi su janye, kuma wannan shirun ne ke bai wa ɗan damfara guda damar cin mutum goma a layi ɗaya da asusu ɗaya. Rajistar ƙorafe-ƙorafen za ta yi aiki ne idan an ɓoye sunan mai ƙorafi, aka rubuta sunan kamfanin da lambar lasisinsa da lambar asusun da ta wayar, aka kuma ba wanda ake tuhuma damar kare kansa a gaban kwamiti kafin a shigar da shi, don kada ta zama makamin ɓata sunan abokin gasa.